Babi na Shida: Jinin da Ba a Auna Ba

Idan ciki ya kai wata tara, jinin da ke ratsa mahaifar mace a kowane minti ɗaya yakan haura rabin lita. Shi ke kai wa ɗan da ke ciki abinci da iska ta hanyar mabiyiya. Da zarar jariri ya fito, mabiyiya ta ɓalle daga bangon mahaifa, sai ta bar bakunan jijiyoyin jini a buɗe. Babu wanda zai shiga ya ɗinke su. Naman mahaifar ne da kansa yake tsukewa ya shaƙe jijiyoyin, jinin ya tsaya. Haka yake faruwa ga mafi yawan mata, kuma cikin 'yan mintuna. Amma wani lokaci mahaifar takan saki, musamman bayan doguwar naƙuda, ko haihuwar tagwaye, ko ga macen da ta yi haihuwa da yawa. Wannan sakin shi ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na zubar jini bayan haihuwa. Sauran kuma yagewa ce, ko guntun mabiyiya da ya maƙale, ko jinin da ya kasa daskarewa. Macen da ta haihu lafiya da hantsi, ana ta yi wa dangi barka, tana iya rasuwa kafin azahar.

Ƙididdigar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2025 ta ce mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya a shekarar 2023 ta dalilin ciki da haihuwa. Kusan 75,000 daga cikinsu a Najeriya suke, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Zubar jini ne kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe su. Abin da ya sa wannan lissafi ke ci mini rai shi ne magungunan ba sababbi ba ne. Allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke ta fi shekara sittin a hannun likitoci. Kowace ɗalibar makarantar ungozoma ta san a murza ciki, a yi allura, a sa ruwa. Ilimin yana nan, maganin yana nan a cikin littafi, mata kuma suna ta tafiya.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kasuwar hatsi wannan magana gaskiya ce. A ɗakin haihuwa kuwa ta jawo asarar rayuka. Shekaru da dama ma'aunin da likitoci suka yarda da shi shi ne, idan jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda, to ta shiga haɗari. To wa ke aunawa? Jinin yana shiga zane, yana jiƙa katifa, yana gangarawa ƙasa ya gauraye da ruwan haihuwa. Ungozoma ta duba ta ce, "Bai yi yawa ba." Bincike bayan bincike ya nuna cewa ido yana rage kimar jini, kuma gwargwadon yawan jinin, gwargwadon girman kuskuren. Ƙwarewa ba ta hana wannan, babban likita ma yana faɗawa ciki.

Jikin mai jego shi ma yana ɓoye gaskiya. A lokacin goyon ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, don haka yarinya mai ƙarfi tana iya zubar da lita guda tana magana, awon bugun jininta bai sauka ba. Sai can a ji ta ce, "Sista, jiri nake ji, duhu nake gani." A lokacin an riga an yi nisa. Ga kuma abin da aka gada a gida, cewa jinin biƙi ƙazanta ne, gara ya fita duka. Kakar da ke zaune a bakin gado ba mugunta ce ta sa ta yi shiru ba, a saninta abin da ya kamata ne ke faruwa.

Leda mai ma'auni

A watan Mayun 2023 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE. Jami'ar Birmingham da ke Ingila ce ta jagorance shi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci 80 na ƙasashen Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kan mata fiye da 210,000 da suka haihu da kansu ba tare da tiyata ba. Kusan rabin asibitocin a Najeriya suke, kuma wadda ta riƙe ragamar aikin a nan ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Asibitocin da aka zaɓa ba na koyarwa ba ne masu tarin ƙwararru. Matsakaita ne, irin waɗanda talaka ke zuwa, masu karɓar haihuwa 1,000 zuwa 5,000 a shekara.

Babu sabon magani ko ɗaya a cikin gwajin. Abin da aka kawo shi ne wata leda da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito. Tana da aljihu mai tsini a ƙasa inda jini ke taruwa, an zana masa layukan awo. Ungozoma za ta riƙa duba layin duk bayan minti 15 a cikin awa ta farko. Idan jini ya kai 500, ko ya kai 300 kuma ga wata alamar rashin lafiya kamar saurin bugun zuciya, ba sai an jira kowa ba.

Sauyi na biyu ya shafi yadda ake ba da maganin. A da, bi da bi ake yi: a murza mahaifa a jira a gani, in bai tsaya ba a yi allura a sake jira, in ya ƙi a aika a kira likita, shi kuma yana ɗakin tiyata ko ya tafi gida. Kowane jira jini ne. A sabon tsarin ana yin komai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar oksitosin, allurar tranexamic acid mai hana gudan jini narkewa, ƙarin ruwa ta jijiya, da duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. In duk da haka bai tsaya ba, a miƙa ta gaba ba tare da ɓata lokaci ba. An kuma tara kayan duka a cikin akwati ko keken turawa guda a ɗakin haihuwa, ana cika shi kullum, don kada a tsaya rubuta wa miji takarda ya fita neman kemis da tsakar dare. An ba ungozomomi izinin fara maganin da kansu, aka yi musu atisaye a wurin aikinsu, aka riƙa nuna wa kowane asibiti alƙalumansa duk wata.

Yadda aka tsara gwajin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ƙarfin hujjar yake. Ba mata aka raba gida biyu ba, asibitoci aka raba ta hanyar ƙuri'a. Dalili a fili yake: ba zai yiwu a koya wa ungozoma sabuwar hanya, sannan a ce ta yi wa matar gado na ɗaya, ta manta da ita a gado na biyu ba. Kafin ƙuri'ar an shafe watanni bakwai ana tattara alƙaluma a dukkan asibitocin don a san inda kowa yake. Su ma asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya an ba su leda, amma marar layi, ana ɗauka a ɗora a sikeli daga baya. Ta haka aka san ainihin jinin da kowace mace ta zubar a ɓangarorin biyu, aka kuma san wadda aka gane da wadda ta wuce ba a lura ba.

A asibitocin tsohuwar hanya, kashi 51 cikin 100 kawai na matan da suka yi zubar jini aka gane. Rabi ke nan. A masu leda mai layi an gane kashi 93. Waɗanda suka samu cikakken magani sun tashi daga kashi 19 zuwa 91. Babban abin da gwajin ya sa a gaba shi ne mummunan sakamako, wato zubar lita guda ko fiye, ko buɗe ciki saboda jini, ko mutuwa ta dalilin zubar jini. Wannan ya sami kashi 4.3 na mata a tsohuwar hanya, kashi 1.6 a sabuwa. Ragin kashi 60 cikin 100 ke nan. A binciken likitanci ana murna da ragin kashi 10 ko 15.

Sai dai jaridu da dama sun ruwaito cewa gwajin ya rage mutuwar mata da kashi 60, kuma ba haka ba ne. Abin da ya ragu da wannan adadi shi ne mummunar zubar jini. Matan da suka rasu a lokacin gwajin sun fi ƙaranci a ɓangaren sabuwar hanya, amma yawansu bai kai a yanke hukunci da shi ba. Hankali yana ba da cewa idan jini ya ragu mutuwa za ta ragu, kuma ni ma haka nake zato. Zato daban, abin da aka auna daban, kuma wanda ke son a yarda da shi gobe bai kamata ya haɗa su yau ba.

Maganin da ya jira shekara hamsin

Allurar tranexamic acid da ke cikin wannan haɗi tana da nata labarin. Wasu ma'aurata masu bincike a Japan, Utako Okamoto da mijinta Shosuke, su suka samar da ita a 1962, kuma tun farko mata masu haihuwa Utako take tunani. Ta nemi likitocin mata na ƙasarta su gwada, ba su kula ta ba. Maganin ya ƙare a hannun likitocin haƙori da masu yawan jinin al'ada. Sai a 2010 aka fara gwajin WOMAN a ƙarƙashin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, kan mata kusan 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata masu yawa. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2017: maganin ya rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in kuma an ba da shi cikin awa uku da haihuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa uku ba ya amfani. Utako ta rasu a 2016 tana da shekara 98, ba ta ga an buga ba.

Da aka ga haka, sai tunani ya tafi cewa me zai hana a yi wa mata allurar tun kafin jinin ya ɓalle, musamman masu ƙarancin jini, waɗanda ɗan kaɗan ke kayar da su? Aka yi gwaji na biyu, WOMAN-2, kan mata kimanin 15,000 masu ƙarancin jini a Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya. A 2024 amsa ta fito: bai rage yawan waɗanda suka yi zubar jini ba. Ina ganin wannan sakamako yana da daraja kamar na farkon. Da ba a gwada ba, da yanzu ana nan ana kashe kuɗi ana yi wa miliyoyin mata allura bisa kyakkyawan zato. Ya kuma mayar da hankali inda ya dace, wato a magance ƙarancin jinin tun a wajen awon ciki, da maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da abinci.

Akwai matsalar da ba ta cika fitowa a takardun gwaji ba, don masu gwaji sukan tabbatar da ingancin maganinsu. Oksitosin yana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Daga tashar jirgin ruwa ta Legas zuwa wani asibiti a Yobe ko Zamfara, kwalbar za ta kwana a bayan mota, ta yi makonni a shagon da babu wuta, ta ƙare a aljihun tebur a watan Afrilu. Wani bincike da aka buga a 2018 kan magungunan haihuwa a kasuwannin Najeriya ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na samfurin oksitosin sun faɗi gwajin inganci. Shi ya sa za ka ji ma'aikata suna cewa su kwalba biyu ko uku suke fasawa a maimakon ɗaya. Ba a makaranta suka koyi haka ba, aiki ne ya koya musu. Akwai wani magani ɗan uwansa, kabetosin mai jure zafi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Najeriya, aka buga a 2018 cewa yana hana zubar jini daidai da oksitosin ba tare da buƙatar firji ba. Na rigakafi ne, ana yin sa sau ɗaya bayan haihuwa, bai maye gurbin oksitosin wajen tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle ba. Firjin dai ba a rabu da shi ba tukuna.

Inda gwajin bai kai ba

Duk abin da na faɗa ya shafi macen da ta haihu a asibiti. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Dalilan sanannu ne: nisa, kuɗin mota, jiran izinin maigida da ya yi tafiya, kunyar haihuwar fari, da kuma, a faɗi gaskiya, tsawa da wulaƙancin da wasu mata suka taɓa sha a ɗakin haihuwa har suka rantse ba su ƙara komawa. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga nazarinsa kan haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne mafi yawan masu mutuwa. Shekara arba'in ke nan, kuma har yau ma'aikacin ɗakin haihuwa zai gane matan da Harrison ya bayyana.

Ga irin waɗannan mata, abin da ake da shi shi ne misoprostol, ƙwaya uku da ake sha da zarar jariri ya fito, ba ta buƙatar allura ko sanyi. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi masa rajista don zubar jinin haihuwa, a 2006. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada raba shi a ƙauyukan kewayen Zariya ta hannun ungozomomin gargajiya da mutanen gari, bayan an zauna da masu unguwanni da malamai da mazaje, kuma mata sun karɓa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba mai ciki ƙwayoyin ta ajiye a gida, a wuraren da babu ƙwararriyar mai karɓar haihuwa. Wasu likitoci sun yi adawa, suna tsoron hakan zai ƙara zaunar da mata a gida, ko a sha kafin jariri ya fito don "ƙara naƙuda", abin da ke iya fasa mahaifa. Tsoro na biyun gaskiya ne, kuma maganinsa bayani ne mai kyau da harshen da mace ke ji. Na farkon kuwa ban ga ƙarfinsa ba. Matar da ke tafiyar awa uku daga asibiti ba ƙwaya ce ta hana ta zuwa ba.

Nijar ta bi wata hanya da ta cancanci a yi nazarinta a wannan gefen iyaka. Ta shimfiɗa tsari guda a cibiyoyin lafiya na faɗin ƙasar: misoprostol da farko, in jini bai tsaya ba a sa wata roba a cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin, in mace ta fara fita hayyacinta a naɗe ta da wata riga mai matse ƙafafu da ciki, wadda ke tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa har a kai ta inda za a yi mata ƙarin jini ko tiyata. Rahoton shekara shida da aka buga a 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini a cibiyoyin ta ragu da fiye da rabi. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, don haka hujjarsa ba ta kai ta E-MOTIVE ƙarfi ba. Amma ƙasa ce guda cur, cikin mafi talauci a duniya, da ma'aikatanta na yau da kullum.

Daga mujalla zuwa ɗakin haihuwa

A wannan karon hukumomi ba su yi nawa ba. Watanni bakwai bayan fitowar sakamakon, a Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa auna jini da ma'auni, a kuma ba da maganin a haɗe. A Oktobar 2025, tare da ƙungiyar likitocin mata da ta ungozomomi ta duniya, ta fitar da cikakkun ƙa'idoji da suka sauke ma'aunin da aka daɗe a kai: a fara magani a mililita 300 idan akwai alamar jiki ya fara gazawa. A gida kuma, a Nuwambar 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da aka ce su ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen, ya kuma yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali.

Shela a Abuja ake yin ta, amma manyan asibitocin jiha na gwamnoni ne, ƙananan kuma suna tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. A lokacin gwaji Gidauniyar Gates ce ta biya kuɗin leda, akwai kuma ma'aikatan bincike da ke bin kowace haihuwa da sikeli da takarda. Gwaji ya ƙare, sun tafi. Ledar sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuɗinta dala ɗaya da wani abu, kuma yawanci daga waje ake shigo da ita. A ƙasar da ake haihuwar jarirai miliyan bakwai ko fiye a shekara, wannan ya zama layi a cikin kasafin kuɗi wanda dole wani ya rubuta, wani ya saki, wani ya sayo a kan lokaci. In ba haka ba za ta koma cikin jerin kayan haihuwa da ake miƙa wa mai ciki ta sayo da kanta, tare da safar hannu da auduga da reza, kuma wadda ta fi buƙatarta ita ce za ta zo babu.

Sannan ga hannun da zai yi aikin. Haɗin magani biyar a lokaci guda yana son aƙalla mutum biyu, ɗaya na murza ciki, ɗaya na neman jijiya. Duba layi duk minti 15 yana son ungozomar da ba ta da wasu mata uku suna naƙuda a gefe. A ƙananan asibitoci da yawa na karkara, aikin dare ma'aikaciya ɗaya ce, wani lokaci ma ba ungozoma ba ce, jami'ar lafiyar al'umma ce da fitilar waya. Sauke ma'auni zuwa 300 yana nufin za a gano mata da yawa fiye da da, kuma kowace da aka gano tana buƙatar kwalbar oksitosin mai rai, da tranexamic acid, da ledar ruwa, da abin sa ruwan. Kaɗan daga cikinsu duk da haka za su buƙaci jini, kuma a yawancin asibitocinmu har yanzu sai an tara 'yan uwa an gwada wanda nasa ya dace kafin a ɗaura ledar jini ta farko.